Yadda Ake Zaman Shiru da Rakiyar Ruhu a Taizé

A ƙauyen Taizé, wanda ake furtawa "Teze", can cikin yankin Burgundy na ƙasar Faransa, ƙararrawa ce ke tsara wa mutum yininsa. Sau uku take kaɗawa: da safe wajen ƙarfe takwas da kwata, da rana bayan sha biyu, sai da dare ƙarfe takwas da rabi. Da ta ɗauka, mai wanke-wanke ya ajiye soso, mai hira ya katse hirarsa, kowa ya nufi majami'a. A lokacin hutun makarantu na Turai sai ka ga dubban matasa sun zuba a kan hanya ɗaya, 'yan Katolika da 'yan Furotesta da 'yan Otodoks, har da waɗanda ba su da tabbacin ko sun gaskata da wani abu. A bakin ƙofa ba a tambayar kowa daga wace ekklesiya ya fito.

Wanda ya kafa al'ummar masu addu'a da ke wurin, Roger Schütz, ɗan wani fasto ne daga Suwizalan. Ya iso ƙauyen a 1940 yana da shekara 25, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya sayi wani tsohon gida ya riƙa ɓoye 'yan gudun hijira, ciki har da Yahudawa. A ranar Ista ta 1949 mutum bakwai suka ɗauki alkawarin zama tare har ƙarshen rayuwa, ba aure, ba dukiyar kai. Tun daga nan ake kiran kowanensu "ɗan'uwa". Ɗan'uwa Roger ya fito ne daga ɗarikar Furotesta. Wanda ya gaje shi a 2005, Ɗan'uwa Alois, Bajamushe ne ɗan Katolika. Wanda ya karɓa a ƙarshen 2023, Ɗan'uwa Matthew, mutumin Ingila ne ɗan Angilikan. 'Yan'uwan ba sa karɓar kyauta ko sadaka don kansu. Da aikin hannunsu suke ci, musamman ginin tukwane da kwanukan yumɓu.

Ga yadda addu'ar ke tafiya.

Da farko sai shiga da zama. A bakin ƙofofin Majami'ar Sulhu, wadda aka buɗe a 1962, za ka tarar da matasa riƙe da alluna an rubuta kalmar "shiru" da harsuna daban-daban. Ka ɗauki littafin waƙoƙi, ka shiga. Babu jerin kujeru irin na majami'unmu. Kafet ne shimfiɗe, kowa ya nemi wuri a ƙasa. Wasu su tanƙwashe ƙafa, wasu su durƙusa a kan wani ɗan gajeren benci na katako da ake sakawa bisa dugadugai don kada ƙafa ta yi sanyi. Tsofaffi da marasa ƙarfi akwai musu benci a gefe. 'Yan'uwan, cikin fararen riguna, suna zaune a tsakiya, kuma kowa da kowa fuskarsa na kallon gaba ɗaya, wajen bagade da kyandirori. Babu mai tsayawa a kan mumbari yana fuskantar jama'a. Wannan ƙaramin abu ne, amma shi ya fara sauya mini tunani: idan ba wanda za ka zuba wa ido, dole idonka ya komo gida.

Sai waƙa. Lambar waƙar za ta bayyana a allon lantarki, ka buɗe littafi. Waƙoƙin gajeru ne ƙwarai, jimla ɗaya ko biyu, yawanci daga Zabura ko Bishara, kuma ana maimaita su sau da yawa har sai baki ya daina neman kalmomin, su riƙa fitowa da kansu. Wani mawaƙin Paris mai suna Jacques Berthier ne ya tsara da dama daga cikinsu tun daga shekarun 1970, lokacin da matasa suka fara yawa, harsunansu suka bambanta. An yi amfani da Latin da farko saboda ba harshen kowa ba ne, don haka babu wanda zai ji shi baƙo ne fiye da wani. Yanzu ana rera su da harsuna da yawa. Mu da muka tashi da ganga da tafi da lasifika, a rana ta farko za mu ji kamar waƙar ba ta tafiya ko'ina. Gaskiya ne, ba tafiya take yi ba. Aikinta ta kwantar da ƙura, kamar yadda ake yayyafa ruwa a tsakar gida kafin shara.

Daga nan a karanta ɗan gajeren nassi daga Littafi Mai Tsarki, a maimaita ayarsa ɗaya da harsuna da dama don kowa ya tsinci nasa. Ba wa'azi. Bayanin nassi yana da nasa lokaci daban da hantsi.

Sai shiru ya sauka, na kusan minti goma.

A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan ne sabon zuwa ke shan wuya. Minti na farko za ka ji tari da motsin takarda. Minti na biyu sai cikinka ya fara surutu: bashin da ake bin ka, maganar da wani ya faɗa maka bara wadda har yanzu ba ka rama ba, saƙon da ba ka amsa ba, gwiwar da ke ciwo. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mu tashi da faɗa, mu ce lallai sai mun kori waɗannan tunane-tunane. Ba haka ake yi ba. Ka daidaita zamanka, bayanka a miƙe ba tare da tauri ba, hannuwanka a kan cinya. Ka bar numfashinka ya tafi yadda ya saba. Sannan ka riƙe kalma ɗaya daga nassin da aka karanta, ko sunan Yesu kawai. Tunani ya ɗauke ka, ka farga, sai ka komo ga kalmar a hankali, ba tare da tsawata wa kanka ba. Ya sake ɗauke ka, ka sake komowa. Ko sau talatin ka yi haka cikin minti goma, ka yi addu'a. Komowar nan ita ce addu'ar.

Akwai bambanci tsakanin wannan da bimbinin da muka saba yi a kan Maganar Allah. A bimbini kana juya nassi a zuciya, kana neman ma'anarsa da abin da yake koya maka. A nan kuwa ko neman ma'anar ma an ɗan ajiye shi. Zama ne irin na ɗa a gefen tsohon mahaifinsa bayan cin abincin dare, babu mai cewa komai, amma kowa ya san ɗayan na nan. Labarin Iliya a Littafin Sarakuna na Fari, sura ta 19, shi ne ke zuwa mini a rai: guguwa ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, sai bayan an yi tsit annabin ya rufe fuskarsa ya fito. Kada mutum ya sa ran jin wani abu na musamman. Wata rana zuciya ta yi sanyi, wata rana ba komai sai gyangyaɗi. Dukansu biyu ana miƙa su ga Ubangiji a tashi.

Shirun na ƙarewa ne da muryar ɗan'uwa guda yana rera roƙo domin ƙasashen da ke cikin yaƙi, da marasa lafiya, da waɗanda aka manta da su, jama'a na amsawa. A addu'ar safe ana ba da Jibin Ubangiji. Ga wanda ba zai karɓa ba, ko don ɗarikarsa, ko don ba a yi masa baftisma ba, ko don zuciyarsa ba ta shirya ba, akwai gurasa mai albarka a cikin kwanduna, bisa wata tsohuwar al'ada ta Kiristocin Gabas. Ban san wata dabara da ta fi wannan ba wajen girmama bambancin koyarwa ba tare da an bar wani hannu rabbana ba.

Sauran yinin ba shi da wuyar bayani. Karin kumallo burodi ne da man shanu da ɗan cakulan da abin sha mai zafi a kwanon roba. Da hantsi wani ɗan'uwa ya yi bayanin nassi, sannan a kasu ƙananan rukuni a tattauna. Kowa kuma yana da aikinsa: shara, rabon abinci, wankin banɗaki. Ɗan minista da ɗan manomi tsintsiya ɗaya.

Bayan addu'ar dare ne ake yin abin da littattafan Kirista ke kira jagorancin ruhaniya, ko da yake Ɗan'uwa Roger bai so 'yan'uwansa su ɗauki kansu manyan malaman ruhu ba. Ya fi so su zama masu sauraro. Kalmar da ta fi dacewa a Hausa ita ce rakiya. Mai rakiya ba shi ya zaɓa maka inda za ka ba. Ya taka maka ne zuwa wani wuri, ya yi maka sallama, ya juya.

Ana ci gaba da waƙa a hankali, sai wasu 'yan'uwa su tsaya a gefe-gefen majami'ar, tare da wasu sistoci da limaman coci. Sistocin Saint Andrew, 'yan Katolika da ke zaune a ƙauyen da ke maƙwabtaka, suna taimakawa da karɓar baƙi tun 1966. Mai son magana ya duba wanda ke jin harshensa, ya jira layi ya zo kansa. Ba a cika takarda, ba a biyan ko sisi, ba ma dole ka faɗi sunanka ba. Mai neman furta zunubi bisa tsarin Katolika ya nufi limami; mai neman kunne kawai ya nufi ɗan'uwa ko sista.

Ni a daren da na je, na shirya doguwar tambaya a kan gafara. Na ce, "Ɗan'uwa, yaya mutum zai yafe wa wanda bai taɓa neman gafara ba?" Na zaci zai buɗe mini ayoyi. Sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, "Me ya faru da kai?" Na yi minti ashirin ina magana, abin da ban taɓa faɗa wa ko matata ba ya fito. Bai katse ni ba. Da na gama, bai ce in je in yafe ba. Ya tambaye ni ko na taɓa kawo fushin nan gaban Allah yadda yake, ba tare da na wanke shi ba tukuna. Na ce a'a. Ya ce in gwada gobe da safe a lokacin shiru. Iyakar abin da ya ba ni ke nan, kuma ya ishe ni aikin watanni.

Tsarin ke nan. Mai zuwa shi ke kawo magana. Mai rakiya ya saurara har ƙarshe, ya yi tambaya ɗaya ko biyu da za su taimaki mutum ya ga inda Allah ke motsi a rayuwarsa, ya guji yanke masa hukunci ko zaɓa masa hanya, ya riƙe sirri. Idan ya ga matsalar ta likita ce ko ta hukuma, ya faɗa a fili, kada ya lulluɓe ta da addu'a. Misalinsu shi ne Almasihu a hanyar Imuwasu, cikin Luka sura ta 24, wanda ya fara da tambayar matafiyan nan biyu abin da ke damunsu kafin ya ce musu komai. Asalin al'adar kuma daga nahiyarmu take, daga hamadar Masar, inda tun zamanin Antoni mai zuhudu, wanda ya rasu a 356, mutane ke takawa zuwa wurin dattawan zuhudu su nemi kalma guda da za su rayu da ita. A cikin majami'ar Taizé akwai kwafin wani tsohon zanen Kibɗawan Masar, wanda asalinsa ke gidan tarihi na Louvre: Almasihu tsaye kafaɗa da kafaɗa da wani shugaban masu zuhudu mai suna Mina, ya ɗora hannu a kafaɗarsa, su biyun suna kallon gaba. 'Yan'uwan suna kiransa zanen abota.

Wanda ke son ya zurfafa yana iya zaɓar mako guda na shiru. A kai shi wani gida daban, ya ajiye waya da hira, ya ci abinci ba magana. Kullum a ba shi nassi ɗaya da ɗan bayani, ya yini da shi, yana tafiya a gonaki ko yana zaune a tsohuwar majami'ar ƙauyen, wadda kabarin Ɗan'uwa Roger ke gefenta da gicciyen katako kawai. A cikin makon yana ganawa da mai rakiyarsa, maza da ɗan'uwa, mata da sista, su duba abin da shirun ya tono.

Dole in faɗi wani abu mai nauyi. Wanda ka buɗe wa cikinka ya sami iko a kanka, kuma iko na iya lalacewa ko a wuri mai tsarki. A 2019 Ɗan'uwa Alois da kansa ya kai wa hukumar shari'ar Faransa rahoton zarge-zargen da aka yi wa wasu 'yan'uwa na cin zarafin yara, a kan abubuwan da suka faru shekaru da dama da suka wuce, ya kuma sanar da duniya. Saboda haka duk mai son kafa irin wannan hidima a ekklesiyarsa ya kula: a yi sauraro a inda ido ke gani ko da kunne ba ya ji, mai rakiya ya kasance shi ma yana da wanda ke duba shi, kuma duk wanda ya ce maka kada ka gaya wa kowa kuna ganawa, ka rabu da shi.

Daren Juma'a ana kwantar da gicciye a ƙasa a tsakiyar majami'a. Mutane su matso da gwiwa, rukuni-rukuni, kowa ya ɗora goshinsa a kan katakon ya sauke abin da ya ɗauko. Layin kan kai tsakar dare. Daren Asabar kuma a ba kowa siririn kyandir, yara su ɗauko wuta daga gaba, ta bi hannu zuwa hannu har ta kai bango, don tunawa da tashin Almasihu daga matattu. Haka kowane mako yake ƙarewa da Ista. An kawo wannan salon addu'a kusa da mu a 2016, lokacin da dubban matasan Afirka ta Yamma suka taru a Kwatano ta Jamhuriyar Benin.

Ranar Lahadi bayan sujada motoci na jira a bakin hanya. Ba a ba kowa katin zama ɗan ƙungiya, domin Taizé ta ƙi ta zama ɗarika ko ƙungiya mai rassa. Abin da 'yan'uwan ke roƙo shi ne kowa ya koma ekklesiyar garinsu ya yi hidima a can. Kafin masu tafiya su gama loda jakunkuna, masu zuwa na sabon mako sun fara sauka, ana nuna musu inda za su ajiye kaya.