Amsoshin Tambayoyinku: Ina Son Karatun Lauya, Amma Kaina Ya Daina Ɗauka

TAMBAYA

Ni ɗaliba ce, a Samaru nake zaune tare da iyayena. Tun ina ƙaramar sakandare burina in karanci aikin lauya a Jami'ar Ahmadu Bello. Bara na zauna JAMB, makin da na samu bai kai ni ba, shi ne bana na ɗaura ɗamara. Da safe aikin gida, da rana in hau mota zuwa lesin a Sabon Gari, da dare in haɗa kofi mai kauri in zauna har kiran assalatu. Da farko abin yana tafiya. Yanzu kuwa sai in karanta shafi in maimaita, ina rufe littafin babu abin da ya zauna. Tsakiyar kaina zafi, wuyana ya riƙe, ko littafin Gwamnati na hango sai gabana ya faɗi. Abu kaɗan sai kuka. A unguwa kowa "Barista" yake kirana, har Babana. Wata ƙawata ta ce lalaci ne, wata ta ce baki ne ya kama ni, in nemi tofi. Anti, ƙwaƙwalwata ce ta lalace, ko karatun ne ba rabona ba?

Wata ɗaliba, Samaru, Zariya

AMSA

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari. A cikin duk abin da kika zayyana ban ga alamar lalaci ba, don malalaciya ba ta kwana zaune da littafi. Ban kuma ga ƙwaƙwalwar da ta lalace ba. Abin da na gani yarinya ce da ta hana jikinta barci wata da watanni, ga fargaba ta ɗora a kai, har jikin ya kai iyakarsa. Ki ci gaba da azkar ɗinki, addu'a ba ta taɓa zama asara ba, amma ki haɗa ta da gyaran abin da yake hannunki.

Ba a kanki aka fara ba. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta bayani a kan ɗaliban Najeriya da ke zuwa masa da koke iri ɗaya: zafi ko jin wani abu yana yawo a kai, ciwon wuya, ido yana dishi-dishi, a karanta abu a kasa gane ma'anarsa, a karanta a manta. Ki duba wasiƙarki, kusan jerin nan ne kika kawo. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace irin wannan gajiya da ke biyo bayan matsi mai tsawo, ta ce alamominta uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta juya wa aikin baya, sannan abin da mutum ke iya yi ya ragu. Hukumar a kan ma'aikata ta yi maganar, amma wanda ke karatu dare da rana don jarrabawa ɗaya ai aiki yake yi. Faɗuwar gaban da kike ji in kin hango littafin Gwamnati ita ce alama ta biyu.

Yanzu mu dubi ita kanta jarrabawar, don a nan nake ganin dabararki ta saɓa da abin da ake nema a wurinki. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 a kowanne daga sauran darussa uku, a cikin awa biyu, a kan kwamfuta. In kin raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta. A cikin wannan ɗan lokaci za ki karanta, ki gane, ki tuno, ki zaɓa. Jarrabawa irin wannan ba ta tambayar awa nawa kika zauna da littafi. Abin da take aunawa shi ne saurin da kike ciro abu daga kanki. Ga kuma lokacinta: da safe ake fara ta, wasu tun da sassafe ake neman su a cibiya. Ke kuwa kin horar da kanki ki zama garau da ƙarfe biyun dare, ki zama a mace da ƙarfe takwas na safe, wato daidai lokacin da za ki fi bukatar kanki.

Barci kuma ba lokacin da aka sace wa karatu ba ne. A cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke tace abin da aka koya da rana ta adana shi. Wanda ya karanta ya ƙi barci, ya yi wahalar amma bai bar abin ya kama ba. Mai shekarunki tana bukatar awa takwas ko kusa da haka. Shi kuma kofi ba ya biyan bashin barci, jinkirta shi kawai yake yi, don rabin sinadarin da ke cikinsa yana nan a jini bayan kimanin awa biyar. Kofin da kika sha ƙarfe goma sha ɗaya na dare shi ne ke hana ki barci mai nauyi ko da kin kwanta bayan asuba.

Na san zuciyarki za ta ce, ina saura 'yan makonni Anti take ce mini in rage karatu? E, haka nake cewa, kuma da gaske nake. Ki tuna da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, sahabin da ya ɗora wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya rage, ya nuna masa cewa jikinsa da idonsa suna da hakki a kansa. In an hana wuce iyaka a sallah da azumi, to JAMB ba ta kai a kashe kai a kanta ba.

Dabarar da nake so ki koma wa kin san ta tun kina ƙarama. Ki tuna makarantar allo. Ba a taɓa barin yaro ya wanke allonsa don ya daɗe yana kallonsa. Sai ya kife allon ya kawo hadda a gaban malam, inda ya kakare a ɗora shi, ya koma ya gyara. Bayan ya wuce gaba ma ba a barin na baya, ana komawa tilawa. Kuma Alhamis da Juma'a hutu ne, ba a taɓa cewa hutun ya hana kowa sauka ba. Masu bincike sun iske abu ɗaya. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu aka sa su rufe takarda su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa masu rufe takarda sun wuce su. Maimaita karatu yana da daɗi saboda ido ya saba da shafin, sai mutum ya zaci ya iya, ranar jarrabawa kuma babu shafin.

To ga yadda zan so yininki ya kasance. Bayan sallar isha'i ki ɗan duba abin da aka yi a lesin, ƙarfe goma ta same ki a kwance, waya kuma nesa da matashin kai. Bayan asuba, lokacin da gari ke da sanyi kuma gida bai tashi ba, ki zauna awa ɗaya da rabi ko biyu. Ki ɗauki babi guda, misali Tsarin Mulkin Richards na 1946 da na Macpherson na 1951 da na Lyttelton na 1954. Ki karanta sau ɗaya a natse, ki rufe littafin, ki ɗauki farar takarda ki rubuta abin da ya bambanta su da ka. Za ki ji ciwo a ranar farko, don takardar za ta fito da giɓi da yawa. Wannan giɓin shi ne ribar zaman, shi ya nuna miki inda za ki koma. Bayan kwana biyu ki sake gwada kanki a kan babin nan, bayan mako ki ƙara. Haka za ki yi da littafin labarin da JAMB ta sa a karanta, da waƙoƙin Adabin Turanci, da tarihin Sahabbai: ki ba ƙanwarki labarin da ka, ta riƙe littafin tana duba ki.

Hanyar Samaru zuwa Sabon Gari kada ki mai da ita aji. Mota ta cika, ga zafi, ga cunkoson Kwangila, ga kwandasta na neman canji, ke kuma kina ƙoƙarin karanta ƙananan haruffa a waya. Ba abin da zai shiga sai ciwon kai. Ki rufe ido, ki sha ruwa. Watannin Maris da Afrilu a Zariya ba wasa ba ne, kuma a 'yan shekarun nan azumi ma yana faɗowa cikin lokacin shiri, don haka ƙailula ta rabin awa kafin ki fita ko bayan kin dawo ta fi miki ƙarin babi guda. Sau ɗaya a mako ki samu wurin da ake gwaji a kwamfuta, ki zauna awa biyu cur da tsofaffin tambayoyi, da safe, ba tashi. Rana ɗaya a mako kuma ki ajiye littafi gaba ɗaya, ki je kitso, ki ziyarci 'yan uwa.

Abu ɗaya da ba zan sassauta a kansa ba: duk wanda ya miƙo miki ƙwaya ya ce tana hana barci ko tana buɗe kai, kada ki karɓa, ko da ƙawa ce ta kusa. Da yawa daga matasan da tiramadol ya kama, da sunan ƙarin ƙarfi suka fara. Kin dai ji yadda maganin tari mai kodin ya yi ɓarna a Arewa har gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018.

Sai batun "Barista", wanda nake jin ya fi littattafan nauyi a kanki. Mutanen unguwa fata suke miki, amma sunan ya sa kina ganin rashin samun gurbi kamar cin amanar mutane ne. Bari in nuna miki girman filin da kike ciki. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna JAMB, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Aikin lauya kuma yana da nasa ƙunci na daban: majalisar da ke kula da ilimin lauyoyi a Najeriya tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, jami'ar kuma ba ta da ikon wucewa ko da masu nema sun cika fili. Bayan JAMB ga tantancewar ita jami'ar. Don haka duk shekara akwai masu ƙoƙari na gaske da ke rasa gurbi, ba don kansu ba ya ja ba. Rashin samunki bara ba hukunci ba ne a kan basirarki.

Kuma ƙofar ba ɗaya ba ce. Akwai IJMB, wadda ita Jami'ar Ahmadu Bello ce ke kula da jarrabawarta, mai sakamako mai kyau yana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Akwai difloma a fannin shari'a a Kongo. Akwai tsangayar shari'a a Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Kowace tana da sharuɗɗanta, suna kuma canzawa, ki karanta na bana da idonki a kundin JAMB, kada ki dogara da an ce. Ban kawo waɗannan don ki saki burinki ba. Burin mai kyau ne, kuma mata sun taka wannan hanya kafin ke: Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2014, a Zariya ta yi digirinta na shari'a. Na kawo su ne don mai ganin rayuwarta duka ta rataya a kan awa biyu, hannunta rawa yake yi a gaban kwamfuta.

Ki kuma hango abin da ke gaba. In Allah ya ba ki, motarki ba a Sabon Gari za ta riƙa tsayawa ba, har Kongo za ki wuce, inda tsangayar take, shekara biyar. Daga nan sai shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, a Bwari ko Bagauda ko wani reshe, da jarrabawar ƙarshe wadda ta fi wannan zafi nesa ba kusa ba. Tsarin kofi da kwana zaune ba zai kai ki shekara shida ba, gara ki koyi wani tun yanzu.

Ki samu Mama a keɓe ki faɗa mata abin da kika faɗa mini, har kukan. Ki roƙi a ɗauke miki aikin safe zuwa bayan jarrabawa, ko a raba shi da ƙannenki. Ita ta san lokacin da Baba ke da sakin fuska da kalmar da za ta shige shi. A nuna masa kina nan a kan bakanki, amma kiran nan na "Barista" a ɗan jingine shi har Allah ya kawo lokacinsa. Uban da ya biya kuɗin lesin da kuɗin mota lafiyarki yake so kafin komai, sai dai bai san abin da ke faruwa a ɗakinki da tsakar dare ba.

In kin gyara barci mako biyu ciwon kan bai sauka ba, ki je asibiti a auna jininki, a duba zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, a kuma duba idonki, don wani ciwon kan tabarau ne maganinsa. In kuwa kukan ya zama na kullum, abinci ya fita ranki, kin kwanta barci ya ƙi zuwa, ko tunanin gara mutuwa ya fara gilma miki, to abin ya wuce gajiyar karatu. A ranar ki faɗa wa Mama, a kai ki sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa da ke Shika, ko asibitin ƙwararru na Barnawa a Kaduna. Ana warkewa daga wannan, kuma kada a ce a bari sai an gama jarrabawa.