Ko Matsin Tattalin Arziki Kan Sa A Kula Da Muhalli?

E, yakan sa, kuma Kuba ce shaida.

Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, man fetur da takin zamani da Kuba ke samu daga gare ta suka ragu ƙwarai. Taraktoci suka tsaya cik, manoma suka koma huɗa da shanu. A Habana, babban birnin ƙasar, maƙwabta suka haɗa kai, suka share kangwaye da juji, suka shuka latas da tumatir da takin gargajiya, ba feshin magani. Gwamnati kuma ta shigo da kekuna sama da miliyan ɗaya daga Sin.

Sai dai mutane sun sha yunwa sosai, har sun rame. Duk da haka, wasu daga cikin lambunan nan suna ciyar da unguwanni har yau.