"An Gama": Magana da Wanda Ake Nufi da Ita

Jimla kan zama daidai a nahawu, amma ta jawo asarar rai idan ba a san wanda aka nufa da ita ba.

A ƙasashen sanyi, kafin jirgin sama ya tashi, ma'aikata kan hau motoci masu dogon hannu su fesa masa ruwan magani mai zafi, domin narkar da ƙanƙarar da ta daskare a fukafukansa. Matuƙi ba ya ganin bayan jirginsa, sai abin da rediyo ya gaya masa.

Ranar 21 ga Janairu 1995, a filin jirgin Mirabel na Kanada, matuƙan wani Boeing 747 na Royal Air Maroc suka ji an ce da Faransanci "dégivrage terminé", wato "an gama cire ƙanƙara". Suka ɗauka da su ake, alhali aikin bai ƙare ba. Jirgi ya motsa, jelarsa ta kifar da motoci biyu, ma'aikata uku suka rasu.

Jimlar ba ta ambaci mai magana ba, ba ta kira mai sauraro ba, ba ta faɗi wane jirgi ba. Haka "an" take a Hausa: takan ɓoye mai aikatawa. A tashar Dakoro, idan yaron mota ya ce "an gama lodi", direba yana kallonsa, ido ya cike giɓin. A rediyo kuwa babu ido. Shi ya sa ƙa'idar sadarwar jirage ta tanadi a kira sunan jirgi, mai magana ya bayyana kansa, matuƙi kuma ya maimaita abin da ya ji kafin ya motsa.