Jar Fitilar Baƙin Mai: Me Take Faɗa wa Direba?

A darasin fasaha an koya mana cewa idan abu biyu suna gugar juna sukan yi zafi kuma su cinye juna. A wannan makon mun kawo muku inda wannan darasi yake aiki a cikin motocin da muke hawa kullum, kamar Golf da Sharon masu jigila daga Gusau zuwa Tsafe ko Bunguɗu.

A gaban direba, bayan sitiyari, akwai ƙananan fitilu. Ɗaya daga cikinsu ja ce, mai siffar 'yar buta da ɗigo a bakinta. Ita ce fitilar baƙin mai. Idan an murɗa makulli takan kama, da zarar injin ya tashi kuma sai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Wannan lafiya ce. Matsala ita ce ta ƙi mutuwa, ko ta kama ana cikin tafiya.

Aikin baƙin mai

Ku goga tafukan hannuwanku da sauri, za ku ji zafi. Ku shafa man gyaɗa ku sake gogawa, za ku ji santsi. Haka yake a cikin injin. Ƙarafansa suna juyawa sau dubu biyu ko uku a minti ɗaya idan ana tafiya, kuma baƙin mai ne yake shiga tsakaninsu ya hana su taɓa juna. Man yana taruwa a kwanon da ke ƙasan injin. Wani famfo yana zuƙo shi ta cikin rariya, ya tura shi ta filta, ya bi ƙananan hanyoyi zuwa ko'ina.

Abin lura a nan shi ne, jar fitilar tana auna ƙarfin turin man ne. Akwai wani ɗan suwici a jikin injin da yake kunna ta idan turin ya yi ƙasa sosai. Saboda haka mai zai iya cika kwano amma fitila ta kama, domin ba ya kaiwa inda ake bukatarsa. A wasu motoci akwai wata fitila mai ruwan ɗorawa, ita ce take nuna man ya ragu.

Abin da yake sa ta kama

1. Mai ya yi ƙasa, ko don yana yoyo, ko don injin yana ƙona shi. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ta ƙonewar mai.
2. Mai ya tsufa ko ya tsinke. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Gusau takan kai digiri 40, jabun mai yakan zama kamar ruwa.
3. Dauɗa ta toshe rariyar famfo. Wannan yakan faru idan an daɗe ba a yi juye ba, kuma ƙurar hunturu tana ƙara ɓata mai.
4. Famfon ya gaji, ko ƙarafan cikin injin sun cinye har mai yana zurarewa ta tsakaninsu.
5. Suwicin ya lalace ko wayarsa ta taɓa jikin mota. Wannan ne mafi sauƙi, amma ba a yanke hukunci a kansa sai an gwada.

Abin da za a yi a kan hanya

Da farko direba ya sauka gefen titi ya kashe injin nan take, ya ajiye alamar gargaɗi a bayan mota. Kada ya ce bari in lallaɓa in kai gari. Injin da ba ya samun mai zai iya bugawa cikin 'yan mintuna.

A jira kamar minti 5 zuwa 10 man ya koma kwano, motar kuma tana tsaye a wuri mai daidai. A zaro sandar awon mai, a goge ta da tsumma, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Akwai alamu biyu a jikinta, kuma ana so mai ya tsaya tsakaninsu. A ƙananan motoci da yawa, tazarar alamun kusan lita 1 ce. Idan ya gaza, a ƙara kaɗan-kaɗan ana aunawa, domin cika shi fiye da kima ma illa ce. A yi amfani da irin wanda littafin motar ya faɗa, kamar 5W-30 ko 20W-50.

A leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo. A duba launin man. Idan ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa, kada a tayar.

Idan an ƙara mai, aka tayar, fitila ta mutu, kuma babu baƙuwar ƙara, a tafi a hankali zuwa gareji mafi kusa. Idan mai yana nan daidai amma fitila ta ƙi mutuwa, ko ana jin ƙwanƙwasa a cikin injin, a kashe, a kira bakanike ko a ja motar.

A gareji

Bakanike na ƙwarai yakan kwance suwicin ya ɗaura agogon awo a gurbinsa. Idan agogon ya nuna turi mai kyau, suwici kawai za a canja. Idan ya nuna ƙasa, sai a sauke kwanon a wanke rariya a duba famfo. Fitilar da take ƙyaftawa idan injin ya yi zafi mota tana tsaye, sau da yawa tana nuna ƙarafan ciki sun fara cinyewa ko man ya tsinke. Abin da bai kamata ba shi ne a cire wayar fitila don ta daina damun mutane. Wannan kamar a rufe bakin mai gadi ne ɓarawo yana cikin gida.

Rigakafi ya fi magani

Dukanmu mun san halin tsaro a hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa, da ta Bunguɗu zuwa Talatar Mafara. Ba wuraren da ake so mota ta mutu da fasinja ba ne, balle da magariba. Don haka a auna mai da safe kafin a fita, a ajiye lita ɗaya a but, a yi juye tare da canja filta a kan lokaci. Kanikawa da yawa suna ba da shawarar kilomita 5,000. Kuɗin galan ɗaya na mai bai kai ko kusa da kuɗin sabon injin ba.

Mu ɗalibai ba mu isa tuƙi ba, amma muna da ido. Idan muka hango jar butar nan ta kama, mu faɗa wa direba cikin ladabi: "Baba, fitilar mai ta kama."

Tambayar mako: me ya sa ake jira 'yan mintuna kafin a auna mai? A kawo amsa wa ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis.