Ran Kiyashi Ma Rai Ne

Ya ku 'ya'yana, ku matso kusa, yau maganar ƙananan halittu za mu yi. Na lura a cikinku akwai waɗanda in sun taka tururuwa, ko sun murƙushe gizo-gizo a jikin bango, sai zuciyarsu ta yi nauyi, su wuni abin yana damunsu. Ba sa iya gaya wa kowa, don gudun a yi musu dariya, a ce sun cika sanyi. To ni ba zan yi muku dariya ba. Wannan nauyin da kuke ji shaida ce ta zuciya mai rai, kuma akwai manya da yawa da suka rasa shi tun suna ƙanana, har yau bai dawo musu ba. Abin da nake so shi ne ku riƙe shi hannu biyu, amma ku san ma'auninsa. Tausayin da ba a san iyakarsa ba yakan wahalar da mai shi, wani lokaci har ya cutar da na kusa da shi.

Ku fara sanin cewa ba ku ne farkon masu ganin girman waɗannan halittu ba. A cikin Alƙur'ani akwai surori uku da ke ɗauke da sunayensu: ta ƙudan zuma, ta tururuwa, da ta gizo-gizo. Kun karanta labarin Annabi Sulaimanu, lokacin da rundunarsa ta iso kwarin tururuwa, wata daga cikinsu ta gargaɗi 'yan uwanta su shige ramukansu kada a tattake su. Ku lura da abu biyu a nan. Sarkin da aka hore wa iska da aljanu ya saurari maganar tururuwa, ya yi murmushi, ya gode wa Ubangijinsa. Ita kuma tururuwar ta yi wa rundunar uzuri, ta nuna cewa in ma an taka su, ba da sani za a yi ba. Ku ajiye wannan uzurin a ranku, za mu dawo gare shi.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin wani annabi da ya sauka a gindin bishiya, tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu baki ɗaya. Allah ya yi masa wahayi na gyara, domin saboda cizon guda ɗaya ya hallaka al'umma guda mai yin tasbihi. Abin da aka gyara masa shi ne wuce iyaka, da haɗa mai laifi da marar laifi. Haka kuma Abu Dawuda ya kawo daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe wasu halittu huɗu, cikinsu har da tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda. Saboda haka idan wani ya ce muku ai ƙwaro ne kawai, ku ce masa da ladabi: Wanda ya halicce shi bai raina shi ba.

Sai dai, 'ya'yana, addinin da ya koya mana wannan shi ne kuma ya ba mu izinin kashe kunama ko muna cikin salla, ya sa ta tare da ɓera cikin abubuwan da ko mai harama da aikin hajji zai iya kashewa. Ba saɓani a nan. Waɗanda suka yi karatun zaure sun san Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a shekarar 996 ta Miladiyya. Can kusa da ƙarshen littafin ya taɓo wannan magana, ya nuna cewa an ƙi a kashe kwarkwata da ƙuma da wuta, kuma ba laifi a kashe tururuwa idan ta cutar, aka rasa yadda za a yi da ita, amma barinta ya fi soyuwa in da hali. Ku dubi wannan tsari da kyau. Fiye da shekara dubu ke nan malamai suka zauna suka auna ran ƙuma da na tururuwa, suka ba da hukunci mai sauƙi wanda bai zalunci mutum ba, bai kuma sake masa fuska ya yi ɓarna ba.

Ku ɗauki sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum kusan 597,000, mafi yawansu a Afirka, mafi yawansu kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5. Kusan kashi 3 cikin 10 na waɗannan mace-macen a Najeriya suka faru. Da wuya a sami gidan da ba a taɓa kwana a zaune ba, ana jiƙa tsumma ana shafa wa yaro saboda zafin jiki. Saboda haka 'yata, idan kika ga sauro ya sauka a kumatun ƙaninki yana barci, kada hannunki ya yi nauyi. Ki kashe shi, ki sake masa gidan sauro, ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, ki kwanta da zuciya wasai. Haka kuɗin cizo a gado, da kwarkwata a kai, da kaska a jikin saniya, da tsando mai jawo wa shanu sammore. Kare rai da lafiya da abinci amana ce a wuyanku, kuma wanda ya bar jariri ga sauro da sunan tausayi ya sa tausayinsa inda bai dace ba.

To yaya za ku gane iyakar? Kafin ku ɗaga hannu ko takalmi, ku tambayi kanku abu uku. Wannan halittar tana cutar da ni ko wani nawa, ko kuwa kawai ganinta ne ba na so? In tana cutarwa, akwai hanyar rabuwa da ita ba tare da kisa ba? In babu, yaya zan yi abin ya zama da sauri, ba azabtarwa, ba wuta, ba ƙari a kan buƙata? An umarce mu da kyautatawa a cikin komai, har a yanka da kisa. Da yawa daga cikin abin da mutane ke kashewa ba ya wuce tambayar farko. Gyare da ya shigo ɗaki, ƙoƙi-ƙoƙi a jikin labule, malam-buɗe-littafi da ya rasa hanyar taga, duk da tsintsiya ko da kofi da takarda ake fitar da su waje.

Tambaya ta biyu kuwa amsarta tsafta ce, domin rigakafi ya fi magani. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙwai, kuma a lokacin zafi cikin kamar kwana 10 ƙwan ya zama sauro mai tashi. Wanda ya cike kududdufin ƙofar gida, ya kife gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, ya yashe kwata, ya rufe randa, ya rage wa kansa kisa mai yawa. Kiyashi ba ya zuwa inda ba a bar masa sukari a buɗe ba, kyankyaso ba ya zama inda ake wanke kwanuka kafin a kwanta. Sau da yawa mu ne muke gayyatarsu da sakacinmu, sannan mu zo muna hukunta su don sun amsa gayyata.

Ina kuma so ku san aikin da suke yi mana, domin wanda ya san amfanin abu ba ya saurin taka shi. Wata rana da damina ku yi sammako ku je inda kabewa ta yi yaɗo, ku tsuguna kusa da furen. Za ku ga ƙudan zuma ta nutsa ciki, ta ɗan jima, ta fito jikinta duk gari rawaya, ta faɗa wani furen. Kabewa da kankana furensu iri biyu ne, namiji da mace, kuma in ba a kai garin wannan zuwa wancan ba, ɗan da ya fara ƙullawa sai ya yanƙwane ya faɗi. Wannan 'yar halittar ce ke yin dakon, ba ta karɓar ko sisi. Buzuzu da kuke gani yana gangara kashin shanu, binne shi yake yi, ƙasa ta sami taki, ƙuda ya rasa wurin yin ƙwai. Mazari a bakin tafki sauro yake kamawa. Tana kuwa tana huda ƙasa iska ta shiga.

Ko gara, wadda kowa ke kuka da ita saboda azara da littattafai, tana da ranarta. A ƙasar Illela ta jihar Tawa a Nijar, tun ƙarshen shekarun 1980 manoma suka rungumi dabarar tassa, wadda ake kira zai a Burkina Faso, inda Yacouba Sawadogo ya shahara da ita. Da rani ake haƙa ƙananan ramuka a faƙon da ya ƙi shuka, a zuba taki tafi ɗaya ko biyu a kowane rami. Sai gara ta zo cin takin, ta yi ta huda hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa. In ruwa ya sauka, maimakon ya gudu, sai ya bi hanyoyin nan ya nutse. Da haka filayen da aka fid da rai da su suka koma ba da gero da dawa. Garar da ta shiga rumbu a kore ta, amma ta daji a bar ta ta yi aikinta.

Mutanen da suka manta da wannan sun ɗanɗana kuɗarsu. A shekarar 1958 gwamnatin ƙasar Sin ta shelanta yaƙi da ɓera da ƙuda da sauro da gwara, ita gwara saboda tana cin hatsi. Aka kashe tsuntsayen nan ba adadi. Ashe su ne ke cinye fara da tsutsotsin gona. Da suka ƙare sai ƙwari suka yi wa amfanin gona rubdugu, abin ya ƙara tsananta yunwar da ta hallaka miliyoyin mutane daga 1959 zuwa 1961. Mu ma nan gida muna da namu darasin. Yawan zuba guba a wake don maganin ƙwari ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma waken da aka ƙi a can, irinsa ne muke dafa wa 'ya'yanmu. Mai fesa fiya-fiya a ɗaki ya rufe ƙofa da yara a ciki, da mai feshin gona da hantsi lokacin da fure ya buɗe zuma na kai, duk sun wuce iyaka. In feshi ya zama dole, a yi shi gwargwado, da yamma bayan zuma ta koma amya.

Abin da ya fi damuna shi ne kisa don wasa. Ku da kuke yayye a gida, ku sa ido a kan ƙannenku. Za ku ga an kama ƙwaro an ɗaura masa zare a ƙafa ana wulwula shi har ƙafar ta cire. Za ku ga an fizge wa fara fukafukai an sake ta ana dariyar yadda take tsalle, ko an tsiyaya kananzir a ramin tururuwa an ƙyasta ashana, ko an bi ƙadangare da danƙo ba don komai ba sai gwajin saiti. Farar da ake soyawa da yaji a Kano da Maiduguri da Maraɗi abinci ce halal, an kama ta don buƙata. Wannan kuwa azabtarwa ce tsagwaronta. Kada ku doki yaron, domin duka ba ya koyar da tausayi. Ku tsuguna tare da shi a bakin layin tururuwa, ku nuna masa guda ɗaya da ta ɗauko ƙwayar gero tana ja da baya, ta faɗi ta sake ɗauka. Ku tambaye shi ina yake ganin za ta kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannun da ya saba jin daɗin wahalar da abin da ba ya iya ramawa, gobe zai sami jaki, jibi almajiri, gata matarsa.

Yanzu mu koma ga uzurin nan na tururuwar Annabi Sulaimanu. Ba wanda zai rayu a bayan ƙasa bai taka wani abu ba. Manomi da garmarsa, mai shara da tsintsiyarta, direba a kan hanya da dare, duk suna kashe abin da ba su gani ba, kuma ba a ɗora musu laifinsa ba, domin ayyuka da niyya ake auna su. Kada ku bari shaiɗan ya shigo muku ta ƙofar alheri, ya mayar da tausayinku waswasi, har ku kasa tafiya sai kuna duban ƙasa, ko ku kasa barci saboda kiyashin da ya mutu a kofin shayi. In abin ya kai haka, ku gaya wa iyayenku ko malaminku, in ya ƙi sauƙi a ga likita, ba abin kunya ba ne. In kuwa da gangan kuka taɓa azabtar da wata halitta, ku nemi gafarar Allah, ku daina, ku bi bayansa da kyakkyawa. Idan zafin bazara ya tsananta, ku ajiye kasko da ruwa a inuwa, ku jefa 'yan duwatsu a ciki don zuma ta sami wurin sauka, kuna sauya ruwan kullum kada sauro ya yi ƙwai. An gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare, kuma an sanar da mu akwai lada a kyautata wa duk wani abu mai rai.

Wannan ita ce nasihata gare ku. Abin da bai cutar da ku ba ku bar shi ya wuce. Abin da ya cutar ku kau da shi da sauri, ba da mugunta ba. Abin da ya faru ba da saninku ba, ku bar wa Allah, kada ku ɗora wa kanku. Ku yi tausayin na ƙasa da ku, Na sama ya tausaya muku. Allah ya yi muku albarka, ya bar muku taushin zuciya har tsufa, ya haɗa muku shi da hankali.