Yadda Ake Zaɓar Girman Taya Idan An Sauya wa Motar Gudu Rim

Yawancin masu sauya wa mota rim ta wutsiya suke kama cinikin. Mutum ya ga rim mai ƙyalli a shago, ya biya, sannan ya ce wa mai taya, "Ba ni lamba 18 da za ta hau." Kuma za ta hau ɗin. Sai an fita titi a ji tana gugar fenda a kowace kwana, maleji yana faɗin ƙarya, ko rim ɗin ya lanƙwashe a ramin farko. A motar gudu abin ya fi muni, domin ƙasa-ƙasa take, sararin da ke tsakanin taya da jiki ɗan kaɗan ne, kuma abin da aka saye ta dominsa, wato riƙe titi a kwana da tsayawa cak in an taka birki, duk a kan tayoyin nan huɗu yake.

Zan yi misali da Toyota GT86 da ta fito a 2012, wadda ita da Subaru BRZ Hassana da Usaina ne. Lambobin nata ne, amma lissafin na kowace mota ne.

Mataki na farko, ka san abin da kamfani ya sa. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda liƙe a jikin ginshiƙin da ke ɗauke da girman taya da yawan iska. Kada ka dogara da tayar da ka tarar a motar, wataƙila mai ita na baya ya riga ya yi nasa sauyin. GT86 ta zo da 215/45 R17 87W. Lamba 215 faɗin taya ne da milimita. Lamba 45 ita ce mai rikita mutane: tsayin gefen taya ne, amma a matsayin kashi 45 cikin ɗari na faɗin. Shi ya sa 45 ta taya mai faɗin 215 ba ɗaya take da 45 ta mai faɗin 245 ba. Lamba 17 girman rim ne da inci. Sauran biyun, 87 da W, za mu komo kansu.

Mataki na biyu shi ne ƙashin bayan aikin: ka fitar da tsayin tayar gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Ɗauki kashi 45 cikin ɗari na 215, ka sami 96.75. Ninka biyu, tunda akwai gefe a sama akwai a ƙasa, ya zama 193.5. Mayar da inci 17 milimita ta hanyar ninkawa da 25.4, ka sami 431.8. Haɗa su, tsayin ya kama milimita 625.3. Rubuta wannan lamba a takarda ka sa a aljihu, da ita za ka je kasuwa.

Dalilin kuwa, an gina motar ne a kan wannan tsayi. Maleji juyawar taya yake ƙirgawa. Birkin ABS da na'urar hana santsi su ma saurin juyawar kowace ƙafa suke aunawa. Taya in ta yi tsayi, motar takan yi nauyin tashi kamar an fara da babban giya, kuma injin GT86 mai lita 2 da doki kusan 200 ba shi da rarar ƙarfin da zai yi kyauta da shi. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari. Ni dai a motar gudu nakan tsaya ƙasa da kashi 2.

To, a ce ka sayi rim mai inci 18, wato milimita 457.2. Taya 215/40 R18 tsayinta 629.2, bambancin bai kai kashi 1 ba, kuma ita ce ma Toyota ta sa wa GR86 da ta gaji wannan mota. Taya 225/40 R18 tana da 637.2, ƙarin kashi 1.9, wato in maleji ya nuna 100, gudunka na gaskiya ya ƙaru da kusan kilomita 2 a awa kan yadda yake a da. Wannan da sauƙi. Amma 225/45 R18, wadda mai shago zai iya miƙo maka saboda ita ce a ƙasa, tsayinta 659.7 ne, ƙarin fiye da kashi 5. Ka ce masa ka gode. Abin lura a nan, duk incin da rim ya ƙara, daga gefen taya ake yanko shi.

A nan ya kamata mutum ya tsaya ya tambayi kansa titin da zai bi. Gefen taya shi ne katifar farko tsakanin rami da rim. Na asali milimita 97 ne, na 215/40 kuwa 86, in aka je inci 19 da lambar gefe 35 sai ya sauko ƙasa da 80. A titunan Jamus ko Japan wannan ba komai ba ne. A titin da damina ta cinye, siririyar taya takan matse tsakanin bakin rami da rim, zaren cikinta ya tsinke, washegari ka ga kumburi a gefe kamar ƙwai. Irin wannan ba ta facuwa, ko me mai faci ya ce maka. Da za a bi tawa, da an bar rim a inci 17 an ƙara masa faɗi kawai. Taya 245/40 R17 tsayinta 627.8, kusan daidai da na asali, gefenta milimita 98, ga faɗi ga katifa. Masu kai irin wannan mota filin tsere da yawa nan suke tsayawa, domin ƙaramin rim ya fi rashin nauyi, tayarsa kuma ta fi araha.

Mataki na uku, faɗin rim ne ke yanke faɗin taya. Juya rim ɗin, a bayansa za ka ga an buga wani abu kamar 18x8J ET45. Lamba 8 faɗinsa ne da inci. Kowane girman taya yana da iyakar faɗin rim da aka yarda ya hau: 215/45 R17 daga inci 7 zuwa 8, 225/40 R18 daga 7.5 zuwa 9, 245/40 R17 daga 8 zuwa 9.5. Masu ƙera taya suna wallafa wannan a jadawalin kowace taya. Nemi tsakiya ko ɗan sama da tsakiya. Faffaɗar taya a kan siririn rim takan yi tumbi, ta riƙa lanƙwasa a kwana, sitiyari ya yi sanyin amsawa. Siririyar taya da aka ja da ƙarfi a kan faffaɗan rim, irin gayun da samari ke yi, tana barin leɓen rim a waje yana cin dutse, kuma tana iya suɓucewa daga mazauninta in iska ta ragu.

Mataki na huɗu shi ne lambar ET, wadda ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje. Rim ɗin GT86 na asali faɗinsa inci 7, ET48. Ƙaramar lamba tana turo rim waje, babba tana mayar da shi ciki. Da rim mai inci 8 da ET45, ƙarin inci ɗayan nan yana rabuwa biyu, milimita 12.7 kowane gefe, sannan bambancin ET ya tura komai waje da milimita 3. Bakin waje ya matso fenda da 15.7, na ciki ya matso shakazoba da 9.7. Sa ruwula ka auna ko akwai wannan sarari kafin ka biya kuɗin taya. Taya guda tana iya zama lafiya lau a kan ET45, ta ci fenda a kan ET30. Ka kuma tabbata ramukan noti sun dace, na wannan mota 5x100 ne, ramin tsakiya milimita 56.1, in na sabon rim ya fi faɗi, a sa zoben cike gurbi, in ba haka ba sitiyari zai yi ta rawa ana ɗora laifin a kan balansin.

Yanzu mu koma kan 87W. Lamba 87 tana nufin kowace taya na ɗaukar kilo 545; 91 kuwa 615, 92 kuma 630. Harafin iyakar gudu ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Sabuwar taya kada ta gaza ta asali a ko ɗaya. Ba sai kana gudun 270 ba. Harafin yana nuna yadda taya ke jure zafi, kuma wanda ya taɓa kwalta da tsakar ranar watan Afrilu ya san zafi ba a filin tsere kaɗai yake ba.

Wasu motocin gudun tayar bayansu ta fi ta gaba faɗi tun daga kamfani, kamar Nissan 370Z mai 225/50 R18 a gaba da 245/45 R18 a baya. A irinsu lissafi biyu za ka yi, kuma ka riƙe bambancin tsayin gaba da baya yadda ka same shi. In kuwa mota mai ja da ƙafa huɗu ce, tsayin dukkan tayoyin ya zama ɗaya, iri ɗaya, cinyewa kusan ɗaya, don kada giyan tsakiya ya yi ta wahala.

A shago, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. In ka ga 2322, an yi tayar a mako na 23 na 2022. Roba tana tsufa ko ba ta taɓa titi ba, balle wadda ta sha rana a bakin shago. 'Yar Kwatano mai kyan zane da ta haura shekara shida ba ta motar gudu ba ce. Sannan 225 ta wani kamfani takan fi 225 ta wani ƙiba a kafaɗa, don haka in sararinka ɗan kaɗan ne, a fara ɗaura ɗaya a gwada.

Gwajin kuwa ga shi. A ɗaura ta gaba, a sauke jak, a ɗan tura motar gaba da baya ta zauna. Murɗa sitiyari har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu, ka zura hannu ka ji tsakanin taya da robar cikin fenda, da tsakaninta da shakazoba. Shafa alli a kafaɗar tayar, ɗauki mutum ɗaya ko biyu, ka bi ta kan tudun rage gudu a hankali, ka yi kwana mai tsauri, sannan ka duba inda allin ya goge. In bai goge ba, a ɗaura sauran, a yi balansin da alaimen, a sa iskar da takardar ƙofa ta ce tun taya na da sanyi. Notin GT86 ana ɗaure shi da sifana mai awo a kan 120 Nm, ba da tsalle a kan bututun ƙarfe ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a sake bin notocin ɗaya bayan ɗaya, domin sabon rim yakan ɗan zauna su saki.