TUN RAN GINI, RAN ZANE
Darasi a kan sana'ar masu lissafin zafi da wutar gine-gine

Edita ya matsa mini in rubuta wani abu a kan sana'o'in zamani, domin ɗalibanmu su sami abin gaya wa yara in sun fita koyarwa. Na yi ta tunani, sai na ga babu wadda ta fi cancanta in yi magana a kanta kamar wadda rashin saninta ya taɓa sa na zalunci yaro. Bari in ba ku labarin tukuna, sa'an nan mu shiga darasi.

Shekarar da na yi koyon koyarwa, wata firamare aka tura ni cikin garin Lafiya, aka ba ni aji biyar. Watan Maris ne, kowa kuwa ya san zafin Lafiya a Maris. Da safe yara garau su ke, in na yi tambaya hannu goma ke tashi. Amma da an komo daga tara, rana ta ɗaga, sai aji ya mutu murus. Akwai wani yaro mai zama gindin tagar gabas, kullum shi ke fara gyangyaɗi. Ran nan haushi ya kama ni, na tsala masa bulala uku.

Da aka tashi, sai mai gadin makarantar, wani tsoho wanda da can magini ne, ya tare ni, ya ce, "Malam, in faɗa maka wata magana, ba ka jin haushi?" Na ce, "Faɗi, Baba." Ya ce, "Ba yaron nan ke da laifi ba, ɗakin ne. Zo ka gani." Ya nuna mini kwanon ajinmu, ba silin, duk ya yi tsatsa. Sa'an nan ya kai ni tsohon ginin da ke bayanmu. Shi yana da silin, da baranda, tagoginsa na kudu da na arewa suna kallon juna, ga kuma mangwaro ya tsare masa gabas. Ina shiga na ji kamar an yayyafa mini ruwa. Tsoho ya ce, "Wanda ya gina naku fili ya duba, bai dubi rana ba."

Kashegari na kira yaron na ba shi haƙuri, na sāke masa wurin zama. Amma ɗakin bai sāku ba, har yau yana nan yana dafa 'ya'yan mutane. To, abin nan da Baba ya gane da ido, yanzu ya zama sana'a mai zaman kanta, ana yinta da lissafi da kwamfuta tun ba a aza bulo ko ɗaya ba.

INDA ZAFI KE SHIGOWA

Kafin mu ci gaba sai mu san ma'auni biyu. Ƙarfin wuta da ƙarfin zafi da wat a ke auna su. In abu mai wat 1,000 ya yi aiki awa guda, ya ci yunit ɗaya ke nan, watau abin da mita ke ƙirgawa.

Zafi ta ƙofa huɗu ya ke shiga ɗaki: ta rufi, ta bango da taga, daga jikin mutane, da kuma daga kayan wuta. Mu ɗauki aji mai tsawon mita 8 da faɗin mita 7, watau murabba'in mita 56. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, ko wane murabba'in mita yana samun kimanin wat 1,000 daga rana. Ashe wat 56,000 ke sauka bisa rufin nan. Babban mutum a zaune kuwa jikinsa na fid da kimanin wat 100. In ku 50 ne cikin ajin, wat 5,000 ke nan, kamar an kunna dutsen guga biyar an bar su. Kun ga abin da ke sauka bisa rufi ya ninka na mutane fiye da sau goma.

Ba dukan wannan ke shiga ɗaki ba. Farin kwano mai sheƙi ya kan mai da da yawa sama, mai tsatsa ko mai baƙin fenti kuwa sha ya ke yi. Abin da ya sha, in babu silin, bisa kawunan yara ya ke juye shi. Saboda haka mai wannan sana'a kullum daga rufi ya ke fara dubawa.

TAFIYAR RANA A LAFIYA

Lafiya tana wajen digiri takwas da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Don haka sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai bisa kanmu: kusan tsakiyar Afrilu, da kuma ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan biyu ta kan ɗan karkata arewa, sauran watanni kuwa kudu. Ko ta ina ta karkata, da tsakar rana a sama ta ke, baranda ko bakin kwano in ya fito sosai ya isa ya kāre bangon kudu da na arewa.

Gabas da yamma su ne masu wuya, gama da hantsi da la'asar rana ƙasa-ƙasa ta ke, tana leƙowa ta ƙarƙashin baranda har tsakar ɗaki. Shi ya sa a ke so dogon gefen gini ya fuskanci kudu da arewa, a rage tagogi gabas da yamma, ko a dasa musu itatuwa. A lura kuma da lokacin da a ke zama ɗakin. Aji da a ke tashi da azahar, gabas ke damunsa. Ɗakin kwanan ɗalibai kuwa yamma ce abokiyar gābarsa, don bangon da ya sha rana da la'asar da dare ya ke amayo zafin.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Maginan Kano da Zariya sun san bangon tubali mai kauri da rufin soro su kan riƙe zafin rana, ba su barinsa ya shiga sai dare ya yi, iska ta yi sanyi. Amma dabarar Kano ba a ɗauko ta dungum a kawo Lafiya, gama nan damina ta fi tsawo, iska ta fi laima, abin da jiki ke bukata shi ne iska ta ratsa ɗaki ta busar da gumi. Turawa biyu, Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana gine-ginen farko na Jami'ar Ibadan, a kan haka suka tsaya: dogayen gine-gine marasa faɗi, da bango mai huji-huji don iska ta wuce. A 1956 suka buga littafi a kan gini a ƙasashe masu zafi da laima.

AIKIN MAI SANA'AR

Masu wannan sana'a iri biyu ne, ko da ya ke sau da yawa mutum ɗaya ke haɗa su.

Na farko shi ne mai binciken ginin da ya riga ya tsaya. Ya kan zaga ɗaki ɗaki da littafinsa, yana rubuta ko wane ƙwai da fanka da firiji da iyakwandishan, da wat nawa ya ke ci, da awa nawa a ke kunna shi. Sai ya gwada jimlarsa da takardun kuɗin wuta da na man janareta, ya nuna wa mai gini inda kuɗinsa ke zurarewa.

Ga misali, kowa ya ɗauki fensir. A ce gidan kwanan ɗalibai mai ɗaki 20, ko wanne da tsohon ƙwai mai wat 60, ana kunnawa awa 6 ko wane dare. Sau 20 sau 60 sau 6, yunit 7.2 ke nan. In an sāke su da sababbin ƙwayayen nan marasa cin wuta masu wat 9, sai ya koma yunit 1.08. Ribar dare guda yunit 6.12, ta kwana 30 kuwa 183.6. A kan farashin da aka yanka wa masu rukunin A a watan Afrilu 2024, watau Naira 225 ko wane yunit, an tsira da Naira 41,310 a wata, daga ƙwai kaɗai.

Na biyu shi ne mai gwada gini tun yana kan takarda. Ya kan karɓi zanen, ya gina kwatankwacinsa cikin kwamfuta, ya gaya mata kaurin bango, da irin rufi, da girman tagogi da inda suka fuskanta, da yawan mutanen da za su zauna. Sa'an nan ya ba ta labarin yanayin garin, zafi da laima da iska da hasken rana, na awa 8,760 da ke cikin shekara. Kwamfuta ta lissafa masa zafin ko wane ɗaki awa awa, da yunit nawa ginin zai ci. Sai ya juya ginin ya sāke gwadawa, ya sa silin ya gwada, ya rage taga ya gwada, har ya sami tsarin da ya fi sanyi da araha. Juya gini a kwamfuta aikin minti biyar ne. Juya ajin nan da na koyar a ciki kuwa sai an rushe shi.

Ɗaya daga cikin manyan kayan wannan aiki shi ne EnergyPlus, wanda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, kyauta kuma a ke samunsa ta intanet. Amma fa a riƙe wannan: kwamfuta ba ta san ƙarya ba. In ka ba ta ma'auni na banza, amsar banza za ta ba ka, a tsare tsaf da ado.

ME YA SA A KE BUKATARSU YANZU?

A duniya duka, gine-gine ke cin kusan kashi 30 cikin 100 na makamashin da a ke amfani da shi. Mu dubi garinmu kuma. Tun da aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato ran 1 ga Oktoba 1996, Lafiya ta zama hedkwata, gini bai tsaya ba: ofisoshi, asibitoci, otal-otal, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. A 2022 aka buɗe babbar tashar wuta ta Akurba. A Mayu 2023 kuma Gwamnati ta janye tallafin man fetur, janareta ya zama sai mai hali. Da, wanda ya yi mugun gini sai ya rufe aibinsa da iyakwandishan. Yanzu ko wane wata sai aibin ya biyo shi da takardar biya.

Hukuma ma ta farga. A 2017 Ma'aikatar Wuta da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus, ta fito da ƙa'idar tsimin wuta ta sababbin gidaje da ofisoshi. Abu huɗu ta kama: tagogi da inuwarsu, abin tare zafi a rufi, fitilu, da iyakwandishan. Misali, ta ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa. Ba na ɓoye muku, izinin gini a hannun jihohi ya ke, ƙa'ida kuwa ba ta cizo sai jiha ta karɓe ta, ta kuma sami ma'aikatan da suka iya duba zane su ce ya cika ko bai cika ba. Kada wani ya zaci aikin nan a tsince ya ke bakin hanya. Sana'a ce mai tasowa, wanda ya riga shiga sai ya yi haƙurin wayar wa mutane kai.

HANYAR SHIGA

Yaron da ke so, tun a sakandare ya riƙe lissafi da kimiyyar fizik da zanen fasaha. Daga nan ya nemi ilmin zanen gini, ko injiniyan na'ura, ko na lantarki, ko fasahar gini. Ana koyar da zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Fasaha ta Minna. Injiniya ya yi rajista da COREN, mai zanen gini da ARCON. Bayan wannan sai koyon kayan aikin kwamfuta. Akwai kuma jarrabawar EDGE ta hukumar IFC, reshen Bankin Duniya, wadda ke ba da shaida ga ginin da ya rage cin wuta da ruwa da aƙalla kashi 20 cikin 100. Wanda ya ƙware ya iya aiki da kamfanin zanen gini, ko hukumar ba da izinin gini, ko masu sa wutar sola, gama kafin a saya wa gida faifan sola sai an san yunit nawa ya ke ci. Mata da maza duk ɗaya ne a nan, ba ɗaukar bulo a ke yi ba.

NAMU RABON

Wani zai ce, "Malam, mu da za mu koyar a firamare, ina ruwanmu?" Da ruwanku ƙwarai. Sau da raba da murabba'in da na yi amfani da su a sama, duk na aji biyar ne. Kuma wata rana waninku zai zama hedimasta, a zo gina sabon aji a tambaye shi inda za a aza shi.

Saboda haka ga aikin da na ba ku kafin fitowa ta gaba. Ko wane aji ya ari ma'aunin zafi daga ɗakin kimiyya, ya rataye shi a bangon ciki inda rana ba ta taɓa shi. A rubuta abin da ya nuna da ƙarfe 8, da 12, da 4, har kwana bakwai. A rubuta kuma inda tagogin ɗakin suka fuskanta, da ko akwai silin, da launin kwano. A kawo wa Edita, mu jera su mu ga wane ɗaki ne ya fi zafi a kwalejin nan, da dalilinsa.

In kuwa kun fita koyarwa kuka ga yaro na gyangyaɗi, ku ɗaga kai ku dubi rufi kafin ku ɗauki bulala. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.